Karɓar Gonaki Domin Ayyukan Bunƙasa Noma: Ikon Gwamnati da Haƙƙin Manomi

Gabatarwa

Gona ita ce babbar dukiyar mutumin karkara. Daga gare ta yake ci, da amfaninta yake aurar da 'ya'yansa, ita ce kuma abin da yake fatan bar wa magadansa. Saboda haka babu labarin da ke tayar da hankalin ƙauye kamar a wayi gari a ga ma'aikatan safiyo suna kafa turaku a cikin gonaki, ana cewa gwamnati za ta gina madatsar ruwa ko ta buɗe filin noman rani. Nan da nan sai jita-jita ta bazu. Wasu su ce ƙasa duk ta gwamnati ce, don haka babu wanda zai sami ko kwabo. Wasu kuma su ce babu mai ikon taɓa gonar gado. Dukkan maganganun biyu ba daidai ba ne.

Mun shirya wannan bayani ne domin manoma da makiyaya, da masu unguwanni da dagatai da hakimai, da kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda irin wannan aiki yakan biyo ta hannunsu. Gwamnati tana da ikon karɓar gona domin amfanin jama'a, amma doka ta gindaya wa ikon sharuɗɗa: dalili karɓaɓɓe, da sanarwa a rubuce, da biyan diyya, da kuma ba manomi wata gonar a madadin wadda aka karɓa. Waɗannan sharuɗɗa su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake nufi da gyaran tsarin mallakar ƙasa

A ƙasashe da dama na duniya, idan aka ce gwamnati ta karɓi filaye domin gyaran harkar noma, ana nufin ta rage wa masu manyan gonaki ta raba wa talakawan da ba su da komai. A Masar, dokar shekarar 1952 ta hana mutum ɗaya ya mallaki fiye da fadan 200, wato ma'aunin gona na can wanda ya ɗara eka kaɗan, sannan a 1961 aka rage zuwa 100, a 1969 kuma zuwa 50. A Habasha, gwamnatin soja ta mayar da dukkan filayen karkara mallakin al'umma a 1975, ta kuma ƙayyade wa kowane iyali hekta 10.

Lamarin ƙasarmu ya bambanta. A Arewacin Nijeriya yawancin gonaki suna hannun ƙananan manoma ne tun asali, waɗanda suka same su ta hanyar gado ko saye ko kyauta ko saran daji. Don haka idan gwamnati ta karɓi gona a nan, galibi tana yi ne domin wani aiki na musamman: madatsar ruwa, magudanan ban ruwa, gonar gwaji da samar da iri, matsugunin manoma, ko makiyayar dabbobi. Wanda ake karɓa daga hannunsa kuwa sau da yawa ba shi da wata gonar. Wannan ne ya sa batun sanarwa da diyya yake da nauyi ƙwarai a wurinmu.

Tarihin ikon hukuma a kan ƙasa a Arewa

Tun zamanin Daular Usmaniyya malamai sun yi rubutu a kan hukuncin ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafin Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan fili, kamar raya ƙasar da ba kowa a kanta, da kuma ikon shugaba na keɓe hurumi domin maslahar jama'a. A aikace, dagaci da mai unguwa su ne suke ba baƙo wurin noma, su ne kuma shaidun iyakoki.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya shelanta cewa ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnatin Ingila. A 1910 aka kafa dokar da ta sanya dukkan filayen Arewa, waɗanda ake nomawa da waɗanda ba a nomawa, ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, aka kuma sake tsara ta a 1916. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta maye gurbinta da dokar filaye ta 1962, wadda ta ɗora wannan amana a kan minista. A 1965 kuma aka yi dokar keɓe makiyayu.

Dokar da take aiki a yau ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978. Ta ɗauki tsarin da Arewa ta saba da shi ta shimfiɗa shi a kan dukkan tarayya. An shigar da ita cikin Tsarin Mulki na 1979, haka kuma sashe na 315 na Tsarin Mulki na 1999 ya kare ta, ta yadda ba a iya yi mata gyara sai an bi hanyar da ake bi wajen gyara Tsarin Mulki.

Rabon iko a ƙarƙashin dokar 1978

Sashe na 1 ya damƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun Gwamna, a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne kalmar amana. Gwamna mai riƙo ne, abin da ɗan ƙasa yake da shi kuma shi ne haƙƙin zama da amfani da fili, wanda ake gadonsa.

Filayen birni suna ƙarƙashin Gwamna kai tsaye, shi ne kuma mai ikon ayyana wani yanki a matsayin birni. Sauran filaye suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar da suke cikinta. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin amfani irin na gargajiya domin noma ko kiwo ko zama. Sai dai ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 domin noma ba, ko fiye da hekta 5,000 domin kiwo, sai da amincewar Gwamna. Hekta ɗaya ta kai kimanin eka biyu da rabi.

Manoma da yawa sukan tambaye mu matsayin wanda bai taɓa karɓar wata takarda ba. Sashe na 36 ya amsa wannan: duk wanda yake noma fili a karkara lokacin da dokar ta fara aiki, zai ci gaba da riƙe shi tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi haƙƙin. Rashin takardar shaidar mallaka ba ya soke haƙƙin manomi. Amma sashen ya ba shi damar kai zanen gonarsa ƙaramar hukuma domin a yi masa rajista, kuma wannan rajista tana sauƙaƙa abubuwa da yawa ranar da aka zo ƙidaya. Har ila yau sashen ya hana yanka irin wannan gona zuwa fulotai, sashe na 21 kuma ya hana miƙa haƙƙin gargajiya ga wani ba tare da amincewar hukuma ba.

Dalilan da doka ta amince da su

Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin mutum a kan fili idan akwai maslahar jama'a da ta rinjayi tasa. Sashen fassarar kalmomi na dokar ya jera abubuwan da ake kira amfanin jama'a. Daga cikinsu akwai:

1. Amfanin gwamnati ita kanta, ko amfanin jama'a baki ɗaya.

2. Amfanin hukumar da doka ta kafa, ko kamfanin da gwamnati take da hannun jari a ciki.

3. Tsara birane da ƙauyuka da matsugunai.

4. Bunƙasa tattalin arziki da masana'antu da aikin gona.

5. Samar da lantarki da hanyoyin sadarwa, da haƙar ma'adinai.

6. Makarantu da sauran ayyukan jin daɗin jama'a.

Ayyukan noman rani da madatsun ruwa suna shiga ƙarƙashin na huɗu. Idan Gwamnatin Tarayya ce take bukatar filin, Shugaban Ƙasa yakan aika da sanarwa, Gwamna kuma ya soke haƙƙin a madadinta. Ita ma ƙaramar hukuma tana da ikon soke haƙƙin gargajiya domin aikin jama'a a yankinta, amma ikonta bai kai ga filin birni ba, ko filin da Gwamna ya riga ya ba wani takardarsa.

Wannan iko yana da iyaka. Tun a 1974 Kotun Ƙoli ta rushe wata karɓar fili da aka yi a tsohuwar Jihar Tsakiyar Yamma, saboda an karɓe shi da sunan amfanin jama'a sannan aka ba wani kamfani mai zaman kansa haya. Kotuna sun ci gaba da bin wannan ƙa'ida bayan zuwan dokar 1978. Ba a karɓe gonar wani domin kawai a ba wani, komai girman mai neman.

Sanarwa

Doka ta wajabta a yi sokewar a rubuce, da sa hannun jami'in da Gwamna ya ba izini, a kuma isar da sanarwar ga mai haƙƙin. Haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai ranar da sanarwar ta iso gare shi, ko ranar da aka ambata a cikinta idan tana gaba. Sashe na 44 ya bayyana hanyoyin isarwa: a miƙa masa hannu da hannu, ko a bar ta a gidan da aka san yana zaune, ko a aika ta gidan waya da rajista. Idan an yi bincike ba a gano sunansa ko mazauninsa ba, sai a ba wanda aka tarar a filin, ko a manna ta a wurin da kowa zai gani.

Shela a kasuwa, ko sanarwa a rediyo, ko taro a ƙofar gidan dagaci, duk suna da amfani wajen wayar da kai, kuma muna ƙarfafa a yi su. Amma ba sa maye gurbin sanarwar da doka ta ambata. A 1991 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sokewar da ba a isar da sanarwarta ga mai fili ba, ba ta inganta ba.

Diyya: abin da ake biya da abin da ba a biya

Sashe na 44 na Tsarin Mulki na 1999 ya hana karɓar dukiyar mutum da ƙarfin hukuma sai ta hanyar dokar da ta tanadi biyan diyya cikin gaggawa, da damar zuwa kotu. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa shi ne ya fayyace yadda ake lissafin.

A nan ne akasarin rashin fahimta yake. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasar ita kanta bisa farashin kasuwa. Abin da ta tanada game da ƙasa zalla shi ne mayar da kuɗin hayar da mai fili ya biya hukuma a shekarar da aka soke haƙƙinsa, idan yana biya. Manomin da ya gaji gonarsa ba ya biyan irin wannan haya, don haka babu abin da zai samu ta wannan fuska. Abin da ake biyansa shi ne aikin da ya zuba a kan gonar wanda amfaninsa bai ƙare ba:

1. Gine-gine da makamantansu, kamar ɗaki da rumbu da shinge da rijiya da magudanar ban ruwa. Ana ƙiyasta abin da za a kashe a sake yin irinsu, a cire gwargwadon tsufansu. Idan an yi jinkirin biya, doka ta ce a ƙara kuɗin ruwa daidai da na banki.

2. Itatuwa masu daɗewa da mai gona ya dasa ko ya raina, kamar mangwaro da gwaiba da dabino. A al'adar ƙidaya ana sanya itatuwan amfani irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da giginya.

3. Amfanin gona da ke tsaye a lokacin, kamar gero da dawa da shinkafa da rogo da rake, bisa ƙimar da jami'in da doka ta ba wannan aiki ya tsayar.

4. Aikin gyaran ƙasa, kamar cike kwari ko tare zaizaya, idan akwai takardun da ke nuna abin da aka kashe.

Noma na yau da kullum, kamar sharar gona da huɗa da zuba taki, ba ya cikin lissafi. Jadawalin farashin itatuwa da amfanin gona kuwa yakan tsufa idan kayayyaki suka yi tsada, don haka ake sabunta shi lokaci-lokaci. A 2024 Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta Tarayya ta gabatar da sabon jadawali domin ayyukan tarayya. Manomi yana da damar tambayar jadawalin wace shekara aka yi masa lissafi da shi.

Tunda ba a biyan kuɗin ƙasa, babban abin da ke kare manomi shi ne tanadin da ke cikin sashe na 6: idan aka soke haƙƙin gargajiya a kan filin da ake nomawa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba mai shi wani filin domin ya ci gaba da noma. Wannan ba alfarma ba ce. Kuma idan ƙaramar hukuma ta ƙi biyan diyyar da ke kanta, ko ta yi sakaci, Gwamna yana da ikon sa a ƙiyasta, ya umarce ta da ta biya.

Game da gidajen zama, sashe na 33 ya yarda a ba mutum wani matsuguni a maimakon kuɗi. Idan sabon wurin ya fi tsohon daraja, bambancin yana zama bashi a kansa. Wanda ya karɓi matsugunin kuma ba shi da sauran neman diyya a kan wannan gida. Ya kamata a yi wa mutane wannan bayani kafin su sa hannu. Idan kuma filin na al'umma ne, kamar makiyaya ko dajin gari, Gwamna yana iya umartar a biya al'ummar, ko shugabanta domin ya yi musu aiki da kuɗin, ko a zuba a wani asusu na musamman.

Ga misali domin ƙarin haske. A ce wani dattijo yana da gona mai rijiya ɗaya da itatuwan ɗorawa, ya ba maƙwabcinsa aron rabinta, maƙwabcin ya shuka dawa. Doka ta ambaci mai haƙƙi da kuma wanda yake amfani da filin, kowa gwargwadon abin da yake nasa. Diyyar rijiya da itatuwa da gonar madadi na dattijon ne, diyyar dawar da ke rabin da aka ara kuwa ta maƙwabcin ce. Idan aka rubuta suna ɗaya kawai ranar ƙidaya, an shuka rigima tsakanin mutanen da suke zaune lafiya. Haka abin yake ga gonar haya da ta jingina.

Darasi daga manyan ayyukan noman rani

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnatoci sun mayar da hankali ga noman rani. A 1973 aka kafa hukumomin raya kogunan Sakkwato da Rima da na yankin Tafkin Chadi, a 1976 kuma aka ƙara yawan irin waɗannan hukumomi zuwa 11. Ayyuka biyu daga wannan zamani sun isa su zama madubi.

Na farko shi ne madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, da shirin noman rani na Kogin Kano da ke shan ruwanta a yankunan Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko zai kai kimanin hekta 22,000. A filin ban ruwa, tsarin da aka bi shi ne a karɓi gonaki, a baje su, a haƙa magudanai, sannan a mayar wa masu su bayan an cire wani kaso domin hanyoyi da magudanan. Yau wannan yanki yana cikin manyan wuraren noman shinkafa da tumatir a Nijeriya. Duk da haka, dubban mutanen da tafkin ya cinye garuruwansu sun tashi, mazauna fadamun Haɗejiya da Nguru kuma sun ga ambaliyar da suke dogaro da ita wajen noma da kamun kifi ta ragu.

Na biyu shi ne madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara da Maradun, a yankin da ya zama Jihar Zamfara a 1996. An kammala ginin madatsar a 1978, da nufin shayar da fiye da hekta 20,000. Tafkin ya tashi dubban mutane, waɗanda suka bar fadama mai albarka aka kai su tudu. A filin ban ruwa an hana manoma shuka na tsawon damina fiye da ɗaya ana baje ƙasa. An sare itatuwan da suke alamun iyaka, don haka da aka zo mayar da gonaki sai aka rasa gane ta wane ce wannan. Biyan diyya ya yi jinkiri, ƙorafi ya yi yawa a kan sunayen da ke cikin jerin waɗanda za a biya. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa ƙauyukan, aka yi asarar rayuka. Gwamnatin lokacin ta bayar da adadi kaɗan, amma masu bincike da dama sun rubuta cewa waɗanda suka mutu sun kai ɗaruruwa.

Abin da ya kai ga wannan musiba bai wuce abubuwa huɗu ba: ƙidayar da ba ta inganta ba, jinkirin biya, daminar da ta wuce ba a shuka ba kuma ba a ba mutane abin da za su ci ba, da rashin wurin kai kuka tun abin yana ƙarami. Dukkansu abubuwa ne da ke hannun ma'aikata da shugabannin gari. Wani darasin kuma shi ne na mutanen da ke ƙasan madatsa. Ba a karɓi gonakinsu ba, don haka sashe na 29 bai ambace su ba, alhali ruwan da ke raya fadamarsu ya ragu. Wajibi ne masu tsara aiki su sa su cikin lissafi tun farko.

Inda ake kai ƙorafi

Idan saɓanin a kan yawan diyya ne, sashe na 30 ya ce a kai shi gaban kwamitin kula da amfani da rabon filaye na jiha. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Sashe na 47 ya yi nufin hana kotuna duba yawan diyya, amma a 1986 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa wannan hani ya ci karo da haƙƙin zuwa kotu da Tsarin Mulki ya bayar.

Idan kuwa ana ƙalubalantar sokewar ce kanta, saboda rashin sanarwa ko rashin dalili na amfanin jama'a, Babbar Kotun Jiha ita ce wurin zuwa. Rigimar gonar gargajiya tsakanin mutum da mutum tana zuwa kotun yanki ko kotun da ta maye gurbinta, kuma a shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Babbar Kotu ma tana da hurumin sauraronta. Muna shawartar mai ƙorafi ya rubuta shi, ya riƙe kwafi mai hatimin ofishin da ya karɓa, kada kuma ya yi jinkiri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi.

Nauyin da ke kan shugabanni da ma'aikata

1. A tara jama'a kafin a kafa turken farko, a gaya musu aikin da za a yi da faɗin filin da ake bukata.

2. A yi ƙidaya gona-gona, mai ita yana tsaye, maƙwabtan iyaka da mai unguwa suna shaida.

3. A rubuta mai gona da mai aro ko haya ko jingina, kowa da abin da yake nasa.

4. A kula da gonar gadon da ba a raba ba. A rubuta dukkan magada, har mata da marayu da waɗanda suka tafi cin rani.

5. A sanya burtali da mashaya da maƙabarta cikin taswira, a kuma zauna da ardo da sauran shugabannin makiyaya.

6. A manna jerin sunaye a bainar jama'a, a ba da lokacin gyara kafin a fara biya.

7. A nuna gonar madadi kafin a hana shuka, a kuma daidaita fara aiki da lokacin kaka, bayan an kawar da amfanin gona.

8. A biya kowa hannunsa ko ta asusunsa na banki. Babu wani kaso da doka ta ware wa mai unguwa ko dagaci ko ma'aikaci daga diyyar talaka.

Shawara ga manomi

Manomi ya san iyakokin gonarsa da shaidunsa, ya adana takardar saye ko ta rabon gado, ya nemi rajista a ƙaramar hukuma tun babu wata magana. Ranar ƙidaya ya halarta da kansa ko ya tura wakilin da ya yarda da shi, ya ƙirga itatuwansa tare da ma'aikata, ya ɗauki hoto idan da hali. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Ya yi hattara da dillalan da ke zuwa sayen gona da arha da zarar sun ji ƙishin-ƙishin ɗin aiki. Haka kuma ya guji yin gini ko dashe na gaggawa bayan sanarwa ta iso, domin ana lissafi ne da abin da ke kan gona a ranar da aka soke haƙƙi. Tumɓuke turakun safiyo ko tare ma'aikata ba ya ƙara wa kowa diyya, sai dai ya jawo masa shari'a.

Kammalawa

An daɗe ana kiran a yi wa dokar 1978 gyara, musamman a kan rashin biyan kuɗin ƙasa zalla. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, wanda ya ba da muhimmanci ga yi wa filaye rajista ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai ga gyara, tanade-tanaden da muka bayyana su ne doka, kuma suna ɗaure gwamnati kamar yadda suke ɗaure talaka. Muna kira ga hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi da su karanta wa jama'arsu wannan bayani a tarukan gari. Mai neman ƙarin haske yana iya tuntuɓar sashen filaye na ƙaramar hukumarsa, ko ma'aikatar da ke kula da ƙasa da safiyo ta jiha.